Ubaldina Lemus Ba Ta Ƙirƙiri Jikokina Ba

Dakta Osmín Turcios, kai ka kori Ubaldina Lemus daga aiki, kuma kai ka rubuta a takarda cewa ta zauna wuri guda ta ƙirƙiri gidaje talatin da takwas daga kanta. Gidana yana cikinsu. Jikokina uku suna cikinsu. Da safen nan suka cinye tukunyar wake da gurasar masara goma sha huɗu, ƙaramin kuma ya yaga wandonsa a kan shinge. Ban taɓa ganin ƙarya mai ci haka ba.

Sunana Eustaquia Manueles, mutuniyar Monte Cenizo, can saman La Esperanza. Shekarata sittin da tara. Ban shiga aji ba ko na yini ɗaya, da babban yatsa nake sa hannu. Fidelina, wadda ta riƙe min 'yata ranar baftisma, ita ke rubuta wannan ina faɗa mata, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara min magana.

Shekara ashirin da bakwai Ubaldina tana zuwa ƙauyenmu. Wata cibiyar bincike a Tegucigalpa ce ke aiko ta, sau biyu a shekara, watan biyar da watan tara. Takan shiga motar farko daga La Esperanza, ta sauka a mararraba, ta hau dutse awa biyu a ƙafa, da takalmin roba da laima da sanda saboda karnuka. In ta iso gida ba ta fara tambaya sai ta gaisa, ta tambayi mai ciwon bara ko ya tashi. Daga nan ta buɗe jakarta. Mutum nawa ke kwana a gidan nan. Wa ya yi aiki makon jiya, nawa aka biya shi. Yaron nan aji nawa yake, wancan me ya sa ya daina zuwa. Su Dakta su ne ke tattara amsoshin su yi littafi, gwamnati ta duba ta san inda za ta kai malami da inda za ta ba iyaye mata tallafi. Haka dai aka gaya mana. Gahawa kaɗai take karɓa a gidajenmu, ba ta cin abinci, don ta riga ta san yawan masarar da ta rage a kowane rumbu.

Zuwanta na farko ban ba ta kujera ba. Na ce mata, "Me kika kawo mana?"

Ta ce, "Ba komai, doña. Ni ƙirga nake yi."

Na ce, "To je ki ƙirga duwatsu, sun fi mu zama wuri ɗaya."

Ta ce, "Duwatsu ba sa zuwa makaranta." Ta nemi kututture ta zauna abinta.

Tun daga ranar muka sa mata Doña Nawa-Nawa. Har yaran da ba a haifa ba a lokacin, da sunan suka tashi suna kiranta, tana amsawa.

Ga abin da nake so Dakta ya ji da kyau. Wata shekara labari ya zaga cewa tallafin iyaye mata zai tafi ne ga waɗanda ba su da komai. Kowa ya hau ɓoye abinsa. Mai rediyo ya tura shi ƙarƙashin gado, mai keken ɗinki ya rufe da bargo. Ni kuma na ja aladena na ɗaure shi a kwazazzabon bayan gida. Ubaldina ta zo, ta kai kan tambayar dabbobi.

Na ce, "Kaji biyu."

Kamar jira yake, la'anannen ya kwarma ihu daga kwazazzabo.

Ta ce, "Doña Taquia, kazar nan taki da murya take."

Na ce, "Mura take yi."

Ta yi dariya har da share hawaye, sannan ta rubuta alade ɗaya. Na riƙe mata hannu na ce, "Ubaldina, 'yar nan, wa zai sani?"

Ta ce, "Ni zan sani. In na ɓoye miki alade yau, gobe in na rubuta cewa yaran Monte Cenizo suna tafiya ba takalmi, da wane baki zan ce a yarda da ni?"

Tallafin ya same ni duk da haka, alade ɗaya bai mai da kowa attajiri ba. Amma shekara guda ban gaishe ta ba. Wannan ita ce matar da aka ce ta ƙirƙiri gidaje. Alade ɗaya ta ƙi rage wa bazawara mai kuka a gabanta.

Fidelina ta ce in faɗi nata ma. In an tambayi matanmu ko suna aiki, sai su ce a'a, maigida ke aiki. Ubaldina ba ta rubuta wannan a'a ɗin. Sai ta ce, "Jiya da kika tashi me kika fara yi?" Ta bi mace tun daga niƙa har gonar dankali, har kai kabeji bakin hanya, har saƙar da take sayarwa ranar kasuwa. In an gama ta ce, "Ke ce ba kya aiki? Ni na gaji da jin sa kawai." Akwai kuma gidan da suke da yarinya gurguwa a ɗakin baya, shekara takwas ba su taɓa faɗa wa wani baƙo ba don kunya. Ubaldina ta ga 'yar riga a kan igiyar shanya wadda ba ta dace da kowa cikin yaran da aka lissafa mata ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta jira uban ya fita, ta tambayi uwar a hankali, ta shiga ta gaida yarinyar, ta rubuta ta. Uwar ce ta ba mu labari da bakinta.

Yanzu ga abin da ya faru bana.

Duk wanda ya san tsaunukan nan ya san cewa da an wuce ranar ziyarar kaburbura a farkon watan sha ɗaya, ƙauye yakan sauka tsinkar gahawa a gandayen Santa Bárbara, ba a dawowa sai watan uku. Da yara da tsofaffi masu sauran ƙarfi, da kaskon tuya da kare. Ni tun ina shekara bakwai nake sauka. Dakta ya samu kuɗin wasu Turawa don ya binciki aikin yara da zuwansu makaranta, sai ya sa ƙidayar a watan ɗaya. Ubaldina ta tashi a gaban sauran ma'aikata ranar horo ta ce masa ba zai samu kowa a gida ba. Ya ce masu kuɗin ne suka tsara lokaci. Ya maimaita musu ƙa'ida: a buga ƙofa kwana uku daban-daban, in ba a amsa ba a danna "babu kowa". Ya kuma raba musu sabbin na'urori a madadin takarda, irin masu nuna daidai inda mutum yake tsaye lokacin da yake cika amsa.

Ta hau Monte Cenizo mako na biyu na watan ɗaya. Ta tarar da ƙofofi ɗaure da waya. Wanda ya tashi daga ƙauyenmu da gaske, kwanon rufinsa yake fara cirewa ya sayar, har da ƙyauren ƙofa. Wanda ya bar kwanonsa zai dawo. Ita ta san haka, ko ɗan shekara biyar ya sani. Na'urar ba ta da wurin danna wannan. Yara goma sha biyu ta samu a ƙauyen gaba ɗaya: na mai kanti, da na waɗanda iyayensu ke aiko da kuɗi daga ƙasar waje. Ta bi ƙa'ida, ta buga ƙofofinmu kwana uku. Ranar Asabar ta ciro kuɗin mota daga aljihunta, ta hau motoci uku da bayan wata akori-kura, ta bi mu.

Inda muke kwana a gandun dogon ɗaki ne guda ɗaya na kwano, da gadajen katako hawa biyu. Buhun taki aka farke aka rataya tsakanin iyali da iyali. Famfo ɗaya ne a waje. Iyali talatin da takwas na ƙauyenmu duk a nan muke. Ranar Lahadi da hantsi ina tuya a bakin ƙofa sai na ga laimar nan tana tahowa.

Na ce, "Ke kuma? Har nan?"

Ta ce, "Sau uku na je gidanki, doña Taquia, ko gahawa ba ki ba ni ba."

Na ce, "Ga gahawa nan dutse guda, tsinki abinki."

Ta zauna a kan wani buhu a bakin ƙofar, muka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba a jima ba wakilin mai gandu ya iso yana huci. Ya ce wa ya ba ta izini. Ta nuna masa katin aikinta. Ya ce, "To ki sani, a nan ba yaron da ke aiki. Rakiyar iyayensu suke yi."

Jikata Dilcia tana tsaye, shekararta goma, igiyar kwando ta yi mata shaida a ƙugu. Ubaldina ta ce, "Dilcia, 'yata, garwa nawa kika cika jiya?"

Ta ce, "Biyu da rabi."

Wakili ya ce, "Wasa take yi."

Ubaldina ta ce, "To zan rubuta ta yi wasan garwa biyu da rabi."

Maza suka fashe da dariya. Ya ce zai sa a fitar da ita. Ta ce ya sa, amma a fitar da ita da buhun, ƙafarta ta kumbura. Ba wanda ya taɓa ta. Kwana biyu ta yi a kan buhun nan, ta ƙirga yara sittin da huɗu 'yan shekarun makaranta, da wanda ke tsinka da wanda ke goyon ƙanensa. A ƙarshen kowane gida akwai wurin ƙarin bayani, ta rubuta cewa a gandu ta same mu, ba a gida ba, ta karanta mana muka ji. Ba ta ɓoye inda take ba.

Da amsoshin suka isa Tegucigalpa, kwamfutar Dakta ta nuna masa gidaje talatin da takwas a kan ɗigo ɗaya na taswira, nesa da ƙauyen tafiyar yini. Ƙarin bayanin bai buɗe ba. A watan uku ya kira ta, bai yi minti ashirin da ita ba, ya miƙa mata takardar kora da kalmar ƙirƙira a ciki. Saura mata shekara ɗaya da wata biyu ta yi ritaya. Ya share mu duka daga lissafi. A watan shida littafinsa ya fito, ya ce Monte Cenizo ƙauyen tsofaffi ne, yara goma sha biyu, ba mai aiki a cikinsu. Ofishin ilimi na yankinmu ya karanta. A watan takwas aka kafa takarda a ƙofar makaranta: duk makarantar da ba ta kai yara ashirin ba za a rufe ta, daga watan biyu mai zuwa yaranmu su tafi ta tsallaken kogi. Tafiyar awa biyu ce, kuma kogin da damina saniya yake ɗauka. Malaminmu ya kai rajistarsa ofis, aka ce masa malamai sun saba kumbura rajista don kada a ɗauke su, shi ya sa ma aka nemi masu bincike daga waje. Ni ba zan tura Dilcia cikin ruwan nan ba, ba kuma uwar da za ta tura nata. In aka rufe makarantar nan, karatun yaranmu ya ƙare ke nan.

A watan tara na je Tegucigalpa da kaina, awa shida a mota. Na zauna a benci a ƙofar ofishin Dakta tun safe har rana ta take. Da ya fito, yaro ne, bai kai ɗana na biyu ba. Ya yi murmushi ya ce, "Kaka, me zan yi miki?"

Na ce, "Ban haifi uwarka ba. Sunana Eustaquia Manueles, ina cikin mutanen da ka ce babu su."

Ban ce ya wulaƙanta ni ba. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwa. Ya juyo min da kwamfutar ya nuna min da alƙalami. Ya ce, "Kin gani, doña? Gida talatin da takwas ba sa zama a kan ɗigo ɗaya."

Na ce, "Mu ma mun so a ce ba ma zama. Ka taɓa kwana a gandu?"

Ya ce ba maganar kwana ba ce, maganar ƙa'ida ce.

Na ce, "Ka danna wurin ƙarin bayanin."

Ya danna. Na ga idonsa yana tafiya a kan rubutun. Sannan ya ce ko da hakan gaskiya ne, ta karya ƙa'ida, amsar da aka ɗauka a wajen gida ba ta shiga lissafi, kuma an riga an buga littafin an aika wa masu kuɗi. Ya ce rufe makaranta ba shi ya yi ba, shi bincike kawai yake yi. Ya jawo littafin daga kanta ya ba ni kyauta, mai sheƙi, da hoton wata yarinya tana dariya a bango. Fidelina ta karanta min shafin godiya. An gode wa Turawa, an gode wa dakta shida, an gode wa wanda ya zana taswira. Ba sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda suka hau dutse.

A hanyar dawowa na tsaya a kasuwar La Esperanza. Ubaldina tana taya ƙanwarta sayar da dankali. Ba cibiyar da za ta ɗauke ta da irin takardar nan a bayanta. Na ba ta labari, ina tsammanin za ta taya ni zagi. Sai ta ce, "Doña Taquia, ƙa'idar tana da dalili. Akwai masu zama ƙarƙashin bishiya su cika gidaje ashirin kafin azahar, na san su, na taɓa kai ƙarar biyu. Ni na karya ƙa'ida, wannan gaskiya ne. Da ya rubuta haka ya kore ni, da ban ce komai ba." Ta ci gaba da zuba dankali a sikeli. Can ta ce, "Kalma ɗaya ce ta hana ni sukuni. Ɗana ya karanta takardar." Ta ce kada in kai maganar jarida, ba ta son hayaniya. Ban bi ta tata ba. Ita ma ba ta taɓa bin tawa ba.

Ubaldina, ke ce kika hau dutsen nan shekara ashirin da bakwai ba ki taɓa yi mana alkawarin ko allura ba. 'Yan siyasa sun zo da buhunan shinkafa, masu wa'azi sun zo da ƙasidu, kowa da abin da yake so mu ce. Ke kaɗai kika zo kina son abin da yake nan, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba. Ke ce kika tarar da ƙofa a ɗaure kika ce masu gidan suna wani wuri, mutane ne, sai an same su. Mai sanda da laima, Doña Nawa-Nawa ta Monte Cenizo. Ban iya yabo ba, ban saba ba. Mun gode. Ni na gode, Fidelina ta gode, uwar yarinyar nan ta ɗakin baya ta ce in faɗa miki ta gode. Allah ya huce miki ƙafar nan.

Ku kuma samari da 'yan mata da aka ba na'urori aka ce ku zaga ƙauyuka, na ga biyu daga cikinku a watan tara, ko laima ba ku riƙe ba. Ku je kasuwar La Esperanza, layin masu dankali, ku sayi laba ɗaya ku zauna kusa da ita. Ku tambaye ta yadda ake gane gidan da mutanensa za su dawo, da yadda ake tambayar mace aikinta. Ba za a koya muku wannan a Tegucigalpa ba, don mai koyarwar bai sani ba. Abin da kuka danna da yatsa ɗaya, wani ne zai wayi gari ba malami saboda shi.

Dakta Turcios, ban nemi a kore ka ba, ban san wa kake ciyarwa ba. Takarda biyu nake nema da sa hannunka. Ɗaya zuwa ofishin ilimi, ka ce lissafinka na Monte Cenizo ba daidai ba ne, yaran saba'in da shida ne, ba goma sha biyu ba. Ɗaya zuwa ga Ubaldina Lemus, ka cire kalmar nan daga sunanta, ka rubuta yadda ɗanta zai karanta. In har yanzu kana shakka, Lahadin ƙarshe ta watan goma, bayan an fito daga coci, za mu tsaya a filin makaranta, kowace uwa da 'ya'yanta. Malam zai kira suna, yaro ya amsa. Motar farko tana tashi daga La Esperanza ƙarfe shida, ka sauka a mararraba, ka hau. Ka zo da na'urarka, ka bi layin daga farko har ƙarshe, ka ɗora hannunka a kan yaron da Ubaldina ta ƙirƙira, ka faɗa wa uwarsa ido da ido. In ba za ka zo ba, ka rubuto a jaridar nan, da sunanka a ƙasa, ka gaya wa mutanen ƙasar nan wa zai ɗauki alhakin yara sittin da huɗu da ka share.